Yadda Ake Zuba Bushin na Alminiyam Ba Tare da Kashe Kuɗin Tagulla Ba

Duk wanda ya taɓa zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman guntun tagulla don ya fiƙe bushin, wato zoben da sandar inji (shaf) ke juyawa a cikinsa, ya san yadda ake komowa gida da aljihu a bushe. Tagulla nauyi gare ta, kuma da kilo ake sayar da ita. Bushin mai faɗin milimita 40 a waje, 30 a ciki, tsawo 40, idan na tagulla ne zai kai kusan giram 195. Irinsa na alminiyam mai ɗan kuza a ciki giram 63 ne kacal. Ka ga a nauyi iri ɗaya zai ba ka uku a inda tagulla za ta ba ka ɗaya, ga shi kilon alminiyam ɗin ma ya fi araha.

Tun kafin ka hura wuta ka san iyakar abin da za mu yi. Bushin ne na shaf mai tafiya a hankali ko tsaka-tsaki, wanda ake ba mai: injin kwaɓa siminti, injin matsar man gyaɗa, injin buga bulo, ƙafar kura da amalanke, famfon hannu. Ba metal ɗin injin mota ba ne, wato ɓarin zoben da kiranshaf ke juyawa a kai. Wancan a masana'anta ake yinsa, a manna alminiyam mai kuza kashi 20 cikin ɗari a bayan farantin baƙin ƙarfe da injin murza mai ƙarfin gaske. Kada wani direba ya lallashe ka ka zuba masa na kiranshaf, rigima za ka saya.

Abin da ya sa ake sa kuza kuwa, alminiyam zalla idan ya goga da baƙin ƙarfe yana kama shi ya manne. Kuza ba ta narkewa a jikinsa idan ya daskare, sai ta zauna a matsayin ƙananan ɗigo masu taushi. Duk lokacin da mai ya yi ƙaranci wurin ya ɗau zafi, ɗigon nan ne ke shafe fuskar bushin ya hana shi cizon shaf, kuma ƙurar da ta shiga tana nutsewa a cikinsa maimakon ta karce shaf. Jan ƙarfe kaɗan shi ke ba haɗin ƙwari.

Kayan aiki

Murhun gawayi mai bulowa, irin na masu zuba tukwanen girki na alminiyam. Gawayin ƙirya ya fi daɗewa yana ci. Tukunyar narki ta girafait, mai ɗaukar aƙalla kilo 6. Awartaki mai kama tukunyar da kyau, ludayin ƙarfe mai huji don kwashe kashin ƙarfe, wato dattin da ke tasowa saman narki, da sandar ƙarfe ta motsawa. Sikeli mai nuna giram. Maganaɗisu da ɗan ruwan binega. Guntayen faif na baƙin ƙarfe mai kauri, da faranti na rufe gindinsu. Injin lat na fiƙe ƙarfe, sai na awo: baniya, in da hali maikuromita. Jak na danna bushin. Sai takalmin fata rufaffe, safar hannu ta fata, da abin kare fuska. Silifas da rigar leda ba sa zuwa bakin murhu.

Idan ba ka da tukunyar girafait, guntun faif mai kauri da aka yi wa waldar gindi zai yi, amma ruwan alminiyam yana cin baƙin ƙarfe, ƙarfen da ya ci kuma yana sa zubin ya yi gautsi. Shafe cikinta da ruwan yumɓu da garin gawayi, ka busar sarai, ka kuma duba gindinta kafin kowane narki.

Kayan haɗi na kilo 5

Alminiyam mai taushi, irin na tsohon firam ɗin taga ko ragowar waya, kilo 3 da giram 450. Tsohon fistin, kilo 1 da giram 200. Kuza giram 300. Siririn jan ƙarfe giram 50. Wannan ya ba ka kuza kashi 6 cikin ɗari, jan ƙarfe ɗan sama da kashi 1, da silikon kusan kashi 3, wanda ya fito daga fistin ɗin, don yawancin fistin na ɗauke da silikon kusan kashi 12. Haɗin ya yi kusa da wanda ake kira 851 a littattafan zubi. Sai kuma gishirin girki da takin fotash, rabi da rabi, na fitar da datti. Yashi mai laushi, yumɓu da sitacin rogo kuwa na aikin mazubi ne.

1. Tantance gwangwan

Nan ne riba take, nan ne kuma ake faɗuwa. 'Yan gwangwan duk farin ƙarfe mara nauyi alminiyam ne a wurinsu, kai ne za ka rarrabe. Bi kowane guntu da maganaɗisu, ka cire kusa, noti da fin. Fistin na manyan injinan dizal yakan zo da zoben baƙin ƙarfe a binne a ramin ringi na sama. Ka sa ido a kansa, za ka tsamo shi idan an narke.

Wanda ya yi maka nauyi fiye da girmansa, irin kabireto da hannun ƙofar mota, tutiya ce, ajiye shi gefe. Wanda ya yi rashin nauyi sosai, karce shi da magagari ka ɗiga binega. In ya yi kumfa, magniziyam ne, kada ya kusanci murhu. Yana kamawa da farar wuta mai kashe ido, ruwa kuma ƙara masa ƙarfi yake yi. Akwatin injin tsohuwar Volkswagen ƙirar kunkuru da jikin wasu injinan yanka katako irinsa ne.

Gwangwanin lemo ban cika so ba. Siriri ne, ga fenti, yawancinsa kashin ƙarfe yake komawa, ka ƙona gawayi a banza. Wayar lantarki kuwa tana da kyau ƙwarai, amma ka san hannun da ta fito. Arhar da za ta kai ka ofishin 'yan sanda ba arha ba ce.

Narka kowane iri daban, ka kwashe datti, ka zuba shi ƙananan curi a guntun ƙarfe mai kwana. Wannan curin mai tsabta shi za ka auna, ba gwangwan mai datti ba, in ba haka ba lissafinka zai karkace.

2. Neman kuza ta gaskiya

Kuza ita ce mafi tsada a haɗin, shi ya sa muka tsaya a kashi 6. Ko da yake fiye da shekara ɗari ana haƙar ta a ƙasar Jos, abin da za a miƙo maka a kasuwa da sunan kuza sau da yawa dalmar lanƙe ce, wadda kashi 40 ko 50 ɗinta gubar dalma ce. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: lanƙwasa sandar kusa da kunnenka. Kuza tsantsa tana ƙara ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshen ganye. Mai dalma da yawa shiru take lanƙwashewa, kuma in ka goga ta a farar takarda tana barin baƙin layi.

In ba ka samu curi ba, nemi wayar lanƙe wadda aka rubuta Sn99 a jikin kwalinta. Kusan duk kuza ce da ɗan jan ƙarfe. Mai dalma ka bar ta. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma ƙurar bitarka a rigarka take bin ka gida. Idan kana zuba tukwanen girki, ka ware wa wannan aiki tukunyar narkinsa da ludayinsa.

3. Mazubi da zuciyar yashi

Mutane da yawa sandar alminiyam ɗungurungum suke zubawa, sannan su huda ta a lat. Asara biyu ke nan: kusan rabin ƙarfen ya tafi a ɓawo, kuma tsakiyar sanda mai kauri ita ce ke daskarewa a ƙarshe, nan ramuka suke taruwa. Mu bututu za mu zuba, mai rami tun daga mazubi, dogo, a yanka bushin huɗu daga ciki.

Ga bushin 40 da 30, nemi faif mai faɗin ciki milimita 44 ko 45, tsawo 250. Ɗora shi a lat ka share cikinsa, ka cire layin walda, ka ɗan buɗa bakin sama da kamar rabin milimita don zubin ya fito da sauƙi. A farantin gindi ka yi ɗan gurbi da faif ɗin zai zauna, da wani a tsakiya mai faɗin 25 inda zuciya, wato sandar da za ta bar rami a tsakiyar zubin, za ta tsaya. Faif ya fi mazubin yashi a wannan aiki saboda yana sanyaya ƙarfe da sauri, kuza ba ta samun lokacin taruwa wuri ɗaya.

Zuciyar kuwa dole ta yashi ce. Farkon fara wannan aiki na yi wayo, na ce me zai hana in sa sandar ƙarfe a tsakiya in huta da kwaɓa yashi. Da zubin ya huce ya ƙanƙame sandar, ya tsage daga sama har ƙasa kamar rake, sandar kuma sai da na sake narka shi kafin ta fito. Alminiyam mai kuza ba shi da ƙarfi lokacin da yake daskarewa. In ya tsuke bai samu abin da zai ba shi hanya ba, yagewa yake yi. Yashi yana ba da hanya.

Tankaɗe yashi gwangwani goma, yumɓu ɗaya, sitaci rabi, ka yayyafa ruwa har in ka dunƙula ya riƙe siffar hannunka bai jiƙa tafinka ba. Tsaga faif ɗin roba mai faɗin 25 gida biyu, ɗaure shi, sa siririyar waya a tsakiya, ka dandanna yashin a hankali. Zare wayar, ramin da ta bari shi ne hanyar fitar hayaƙi. Buɗe robar, ka gasa zuciyar a kan faranti bisa garwashi har ta yi launin toyayyen burodi, in ka ƙwanƙwasa ta yi ƙara. Yi su da yawa rana ɗaya. Idan sun kwana, musamman da damina, a sake ɗumama su.

Kafin zubi, turara cikin faif ɗin da hayaƙin fitilar kananzir har ya yi baƙi, sannan ka zafafa shi zuwa digiri 200 ko 250. In ba ka da ma'auni, goga masa busasshen kara. Idan ya bar tabo ruwan ƙasa, ya yi.

4. Narki

Alminiyam yana narkewa a digiri 660, ana zuba shi tsakanin 700 da 730. Ma'aunin zafi mai waya irin K ba shi da tsada, kuma kuɗinsa bai kai na zubi ɗaya da ya lalace ba. In babu, yi aikin a inuwa: tukunya ta yi ja mai duhu, kuma in ka tsoma sandar ƙarfe mai ɗumi ka ɗan jira ta fito ba abin da ya manne mata. Da zarar tukunya ta koma ruwan lemo ka wuce gona da iri. Ƙarfen da ya yi zafi da yawa yana shan iskar haidirojin daga danshi, ita ce ke fitowa a matsayin ƙananan ramuka kamar an soka allura idan ka zo fiƙewa.

Fara da curin fistin, sai mai taushi. Kowane curi ka ɗora shi a bakin murhu ya ɗau zafi kafin ya shiga. Ɗigon ruwa ɗaya a ƙarƙashin narkakken ƙarfe yana watsa shi sama har rufi. Saboda haka ma ba a zubi a kan siminti. A shimfiɗa busasshen yashi.

Da komai ya narke, sa jan ƙarfe. Shi sai digiri 1085 yake narkewa, amma siririn waya yana narkewa cikin ruwan alminiyam kamar sukari a shayi. Yi amfani da silin wayar lantarki mai tsabta, ka yayyanka, ka ɗumama, ka danna ta ƙasa da sanda. Ba ta minti goma, kana taɓa gindin tukunya; in ba ka ji komai ba ta shige. Kada ka sa guntu mai kauri, zai kwanta a ƙasa har ka gama.

Sai gishiri. Gishirin girki shi kaɗai sai 801 yake narkewa, amma in an haɗa shi da fotash yana narkewa kusa da zafin alminiyam. Soya haɗin a kasko ya bushe, ka barbaɗa cokali biyu, ka jira minti biyu, ka kwashe kashin ƙarfen da ya taso. Hayaƙinsa ba na shaƙa ba ne, tsaya ta inda iska ke fitowa. In ba fotash, haƙura da gishirin gaba ɗaya, ka dogara da tsabtar curinka.

Kuza ce ta ƙarshe. A digiri 232 take narkewa, tana shiga ta ɓace. Nauyinta ya ninka na alminiyam fiye da sau biyu da rabi, don haka ƙasa take nufa. Motsa daga gindi zuwa sama na kamar rabin minti, a hankali, ba tare da ka farfasa fatar da ke saman ruwan ba. Masu kaɗa shi kamar kunu iska da datti suke turawa ciki.

5. Zubi

Kada ka bar tukunya ta zauna bayan kuza ta shiga. Jera mazubanka shida kusa, kilo 5 zai cika su, kowanne yana cin kusan giram 750. Ɗan karkata faif ɗin, ka zuba ta gefe ɗaya, bakin tukunya kusa da bakin faif, ruwa ɗaya ba yankewa har ya cika. Bayan mazubi na uku sake motsawa sau biyu. Idan saman ya fara lotsawa ƙara masa kaɗan.

Milimita 50 na sama ba naka ba ne. Nan datti da ramin tsukewa suke taruwa, yanke shi za a yi ya koma tukunya. Kowa yakan ji kwaɗayin fitar da bushin na biyar daga wurin. In ka yi, shi ne za a dawo maka da shi.

Bar zubin ya yi kamar minti goma, juya faif ɗin ka bubbuga, zai zame. Kada ka jefa shi a ruwa. In ya huce, farfasa yashin ka wanke ramin da burushin waya sosai, don ƙwayar yashi ɗaya tana dakushe bakin wuƙar lat. Rataye bututun ka ƙwanƙwasa: mai lafiya yana amsawa, mai tsaga muryarsa a dushe take.

6. Gashi

Zubin da ya fito daga mazubin ƙarfe yana da ɗaurewa a jikinsa, bayan ka fiƙe yana iya motsawa kaɗan ya ɓata awo. Maganinsa a gasa shi awa 8 a digiri 200 zuwa 220. Tandar lantarki ta fi, amma akwatin ƙarfe cike da yashi a kan garwashi, da ma'aunin zafi a soke, yana yi. Kada ya kai 228. In ka ga ƙananan ɗigo masu sheƙi sun tsattsafo a jikin bututun kamar gumi, kuzarka ce ta fito, sai dai a sake narkawa. Ga ƙafar kura da amalanke ina tsallake wannan mataki, ba abin da ke faruwa.

7. Fiƙewa

Auna shaf da gidan bushin da kanka, a wuri uku, kada ka karɓi awo ta waya. Shaf ɗin da ya ci ko ya yi zane a fara gyara shi, a goge da sanfefa mai laushi har farce ya wuce bai maƙale ba.

Wuƙa ta zama mai kaifi sosai, bakinta a kwance, ana ɗiga kananzir. Share waje da ciki ka bar rabin milimita, bari ya huce, sannan ka yi yankan ƙarshe. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, awon da ka yi yana da ɗumi ƙarya ne. Kada ka matse cok, wato bakin lat mai riƙe aikin, da ƙarfi a kan bango siriri. Zai fito daidai a kan inji, kana kwancewa ya koma kwana uku.

Ga gida mai 40, wajen bushin ya zama 40.04. Ga shaf mai 30, cikin ya ƙare a 30.05 zuwa 30.06 bayan an danna shi a gida. Lura da wannan "bayan": dannawa tana tsuke ramin da kusan abin da ka ƙara a waje. Ko dai ka bar ramin ka gama shi a cikin gida, ko ka buɗe shi zuwa 30.09 tun a lat. Sararin da ake ba tagulla ya yi wa alminiyam kaɗan. Na taɓa yi wa wani mai matsar man gyaɗa bushin, ya tsaya a kaina yana cewa shi ba ya son ya ji motsi ko kaɗan, na biye masa. Bai yi awa biyu yana aiki ba shaf ya kama, bel ya ƙone, washegari ya zo da ƙarfen a buhu yana ta faɗa a gaban yarana.

Karya kaifin bakunan biyu. Huda ramin mai, ka ja masa kwari mai zurfin milimita ɗaya a tsaye, ya tsaya milimita 5 kafin kowane baki. Kwarin ya kasance a ɓangaren da shaf ba ya dannawa, galibi sama. In ka sa shi inda nauyi ke kwanciya, man da ya kamata ya ɗauki shaf ta nan zai gudu.

Ɓawon da ya zubo kuza ce a cikinsa. Share lat kafin ka fara don kada ya haɗu da na baƙin ƙarfe, tara shi a bokiti daban, busar da shi, bi shi da maganaɗisu, ka daddanne shi curi. A narki na gaba ka tura shi ƙarƙashin ruwan ƙarfe, kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na tukunya.

8. Sakawa da gwaji

Sa bushin a firiza na awa ɗaya, gidan kuma ka bar shi a rana. Sanyin kaɗai yana rage faɗin 40 da kusan 0.04, sai ka ga ya shige da ɗan dannawar jak. In babu jak, dogon kusa mai zare da wasa biyu masu kauri, wato faifan ƙarfe masu rami a tsakiya, za su ja shi. Guduma kai tsaye tana buɗa baki. Daidaita ramin mai kafin ka danna. Bayan ya zauna, huda ƙaramin rami a mahaɗar bushin da gida ka ɗaura ƙaramin sukuru, saboda yawan zafi da hucewa yana sa alminiyam ya saki a gidan baƙin ƙarfe ya fara juyawa tare da shaf.

Zuba mai, juya da hannu, sannan ka kunna ba kaya na minti ashirin. Ɗora tafinka a gidan. In kana iya barinsa, lafiya. In ya kore ka, kashe, zare shaf, za ka ga inda ya yi sheƙi. Kankare wurin kaɗan ka sake gwadawa. Ka gaya wa mai injin baƙin mai sabo ko giris mai tsabta zai riƙa sawa, ba wanda aka juye daga mota ba.

Idan kuza ta gagara

Tutiyar da ka ajiye gefe tana yin bushin mai kyau. Kilo 4 da giram 600 nata, da alminiyam giram 400, zai ba ka haɗi kusa da wanda ake kira ZA-12. Fara narka alminiyam ɗin, ka rage wuta, ka riƙa sa tutiya kaɗan-kaɗan, ka zuba a wajen digiri 500. Yana ɗaukar nauyi sosai a shaf mai tafiya a hankali, sai dai ya ninka alminiyam nauyi kuma ba ya son zafin da ya haura digiri 100. Kuza ko dalma ko ƙanƙani ta shiga wannan haɗin tana sa shi ruɓewa daga ciki bayan wani lokaci, don haka tukunyarsa daban, ludayinsa daban, bokitin ɓawonsa daban. In ka ga farin hayaƙi na tashi, tutiya ce ke ƙonewa. Janye tukunyar, kada ka shaƙa.

Fistin zalla ma ana yin bushin da shi, shi ne mafi araha duka. Amma silikon ɗinsa ya fi shaf ɗin ƙarfe mai taushi ƙwari, zai cinye shi. Ina yinsa ne kawai idan shaf ɗin mai tauri ne, irin wanda aka yanko daga tsohon aksul na mota, kuma wurin yana cikin mai kullum. A nan ina ƙara sararin zuwa 0.07 a shaf mai 30.